Yaro Ɗaya Za Ka Kalla: Jinjina ga Uwar Bita

Tun gari bai gama wayewa ba Uwar Bita takan zauna a bakin gado tana lallashin gwiwoyinta. Lallashi ne na gaske: ta shafa musu man zafi, ta ɗaure ta hagun da tsohon ɗankwali, sannan ta zauna jiran su yarda su ɗauke ta. Ƙanwarta, wadda suke zaune gida ɗaya tun da 'ya'yansu suka girma suka watse, takan leƙo da kofin shayi a hannu.

"Yaya, yau ma sai an roƙe su?"

"Su ma ma'aikata ne," in ji ta. "Sun daɗe suna neman a sallame su."

Sai ta sha shayin a tsaye, ta rataya jakar nan tata da hannu ɗaya ya tsinke aka ƙulle da igiya. Ba komai a ciki sai alli, da tsumman goge allo, da gorar ruwa, da wasu ƙananan alluna na kwali da ta yanka da hannunta ta shafa musu baƙin fenti. Ta fita tasha ta kama motar farko, kujerar bakin ƙofa, don ta samu wurin miƙe ƙafa. Makarantun da ake tura ta galibi suna can ƙarshen hanya, inda mota ke juyawa, sauran kuma ta ƙarasa da ƙafa. Da yamma ta dawo murya a dushe, hannu fari fat da alli, ta ci abinci ba ta san me ta ci ba. Shekara talatin da ɗoriya haka ranakunta suka tafi.

Aikinta horar da malamai. Ita ce wadda ofishin ilimi ke aikawa makarantu ta yi wa malamai bita, wato ta tara su kwana biyu ko uku ta sabunta musu dabarun koyarwa. Malaman ne suka laƙaba mata Uwar Bita, da farko da tsiya, don in aka ce tana tafe kowa ya san ba hutu. Sunan ya bi ta har ya shafe na yanka, yanzu ko a ofis da shi ake kiranta.

A ƙarshen zangon da ya wuce ta yi ritaya, kuma ta hana a yi mata taron ban kwana. Da ƙanwarta ta matsa mata da tambaya, sai ta ce, "Bikin me za a yi? Na je, na yi magana, sun tafa. Ranar Litinin kowa ya koma yadda yake. Ni dai na ga rayuwata ta tafi a mota, ban ga abin da na bari ba." Ba da fushi ta faɗa ba, da gajiya ta faɗa, irin ta wanda ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Wannan maganar ce ta sa aka ɗauki alƙalami, domin bai kamata mace irin wannan ta ajiye aiki tana ganin a banza ta yi shi ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yadda bita take a al'ada. A tara malamai a babban ɗaki, fanka tana juya iska mai zafi, wani ya tsaya gaba da majigi yana karanta abin da kowa ke gani a bango. Ya shafe safiya cur yana bayanin cewa bai kamata malami ya yi ta surutu shi kaɗai a aji ba. A tafa, a sha shayi, a ɗauki hoto, a raba takardar shaida. Ita ma haka ta fara, ba ta ɓoyewa, har ta gaji da kallon manyan mutane suna barci da ido buɗe.

Sai ta daina karɓar babban ɗaki. Aji take aro, da yaransa a ciki, kuma darasin ƙarshe kafin a tashi, lokacin da rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, yunwa ta kama yara, hankalin kowa ya yi gida. Ita za ta koyar da yaran da ba ta taɓa gani ba, malamai kuma su jeru a jikin bango da bakin tagogi. Kafin a shiga takan tsayar da su a baranda ta gindaya musu sharaɗi.

"Kada wanda ya kalle ni. Ni tsohuwa ce, ba abin kallo a jikina. Kowa ya zaɓi yaro ɗaya, ɗaya tak, ya zuba masa ido daga farkon darasi har ƙarshe. Ina idonsa yake, me hannunsa ke yi, yaushe bakinsa ya motsa. Kuma ba fitinanne za ka zaɓa ba, shi kowa na ganinsa. Wanda ba ka da wata damuwa a kansa, shi nake so."

In an tashi yara sun tafi, sai malamai su zauna a bencinan yaran, gwiwa tana dukan tebur, kowa ya faɗi abin da yaronsa ya yi. In wani ya fara da, "Gaskiya Malama ta yi ƙoƙari," sai ta katse shi: "Malama ta ji, ta gode. Yaronka fa?"

Akwai kuma tambayar da ta ƙi jini, wadda ta fi kowace sauƙi a bakin malami: "Kun gane?" Takan ce tunda take ba ta taɓa jin ajin da ya amsa da a'a ba. Yaro ba wawa ba ne, ya san in ya ce e za a wuce, in an wuce za a tashi. Shi ya sa take yawo da ƙananan allunan nan. Maimakon aji ya haɗa baki ya amsa, kowane yaro ya rubuta tasa amsar ya ɗaga, malami ya gani da idonsa wa ya iya, wa ke laɓe a bayan muryar 'yan uwansa.

Ba kullum darasin nata ke kyau ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Wata hedimasta ta ba da labarin ranar da aji ya watse wa Uwar Bita a hannu. Yaran suka raina ta tun daga sallama, allunan suka koma abin kwaɗa wa juna a ka, biyu suka kama kokawa a baya, aka buga ƙararrawa ba a kai ko'ina ba. Malamai suka yi tsuru-tsuru suna jin kunya a madadinta. Ita kuwa ta ja benci ta zauna, ta kurɓi ruwa, ta ce, "To, kun ga yadda ake faɗuwa. Wa ya lura da inda na fara rasa su?" Can wani ya ce tun lokacin da ta juya baya tana dogon rubutu yaronsa ya fara zungurar na kusa da shi. Wata sabuwar malama ta sunkuyar da kai ta ce ita kullum haka ajinta yake, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba don kada a ce ta gaza. Hedimastar ta ce a shekarunta a wannan makaranta, ranar ce ta fara jin malamanta suna faɗa wa juna gaskiya game da azuzuwansu. Mako na zagayowa Uwar Bita ta dawo ba wanda ya aiko ta, ta zauna a bayan ajin sabuwar malamar har aka tashi.

Ke ce, Uwar Bita, kika yarda a gan ki kina faɗuwa don wasu su daina ɓoye tasu faɗuwar. Ke ce babbar ma'aikaciyar da ba ta taɓa zama a kujerar baƙi ba, sai bencin baya, inda ƙusa ke kama zane. Sufeto yakan zo ya duba malami, ke kuwa yara kike zuwa dubawa, ki ja malamin ku duba tare.

Amma gajiyarta ba ta rasa tushe ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye. Sau nawa ta koma makarantar da ta yi wa bita, tun daga bakin ƙofa ta jiyo "Kun gane?" da amsar nan mai tsawo tana tashi daga aji zuwa aji. Takan tsaya ta dafa bango, ta ɗan jima kafin ta shiga. In aka hango ta sai a yi maza a juya bencina, yara su zauna rukuni-rukuni yadda ta koyar, a ciro allunan daga ƙasan kabad a kaɗe musu ƙura. Ta zauna, ta kalla, ta yaba abin yabawa. In ta yi sallama ta fito, kafin ta kai ƙofar makaranta sai ta ji ƙarar ƙafafun bencina a kan siminti, ana mayar da su layi. Ta ce wa ƙanwarta ba ƙarar da ta tsana a duniya kamar wannan, har in an ja kujera a gida sai gabanta ya faɗi. Ba ta zargin malaman. Ta san aji ɗaya ya cika ya batse, ta san manhaja ba ta jira, ta san mutum ya gaji. Sanin uzurinsu dai bai rage mata nauyin komai ba.

Da wannan zuciyar ta je bitarta ta ƙarshe, a wata makaranta mai dogon gini ɗaya da bishiya ɗaya a tsakar fili. Ajin da hedimasta ya ba ta aro na wani tsohon malami ne, dogo mai furfura, da kowa ke kira Saura Kaɗan. Duk wani sabon abu da aka kawo makarantar sai ya ce, "Ku dai ku yi, ni saura kaɗan." Ya daɗe yana faɗa har ya zama sunansa, a bana kuwa da gaske shekara ɗaya ta rage masa. Ba mugun malami ba ne. Ba ya duka, ba ya fashi, kuma ajinsa ya fi kowane aji amo, in yaransa suna karatu tare har ofishin hedimasta ake ji. Ya sha halartar bitar Uwar Bita a wasu makarantu. Kullum yakan nemi bango mai inuwa ya jingina, in an zo kansa ya ce, "Yarona ya natsu, ya saurara," a wuce.

A ajin nasa akwai jikarsa, 'yar ɗansa, wadda aka sa wa sunan mahaifiyar tsohon, don haka yake kiranta Uwata. A gidansa take zaune, tare suke zuwa makaranta a kekensa. Ita ce abin alfaharinsa, muryarta ta fi ta kowa fita a karatun tare.

"Ni Uwata zan kalla," ya ce a baranda yana dariya. "Ita kam ko ido rufe na san abin da za ta yi. Sai in ɗan huta."

"To ka dai buɗe idon, Malam," in ji Uwar Bita.

Ya tsaya a bakin taga daidai bencin yarinyar. Shekara biyu yana koyar da ita, amma kullum daga gaba yake ganinta, fuska ɗaya cikin fuskoki. Ranar ce ya fara ganinta daga gefe. Uwar Bita ta rubuta wasu gajerun jimloli a allo, sababbi, ba na littafinsu ba, ta ce a karanta tare. Aji ya ɗauka. Sai ya ga idon jikarsa ba a allo yake ba, a bakin yarinyar da ke kusa da ita yake. Waccan ta buɗe baki, ita ta cafke kalmar ta ɗaga murya ta danne ta kowa. Tazarar ƙanƙanuwa ce, wanda ke tsaye gaban aji ba zai taɓa kama ta ba.

Ya gyara tsayuwa. Uwar Bita ta raba ƙananan alluna, ta faɗi kalma, ta ce kowa ya rubuta ya ɗaga. Allin yarinyar ya faɗi ƙasa, ta bi shi ƙarƙashin benci, ba ta ɗago ba sai da maƙwabciyarta ta gama, ta kwafa da sauri. A kalma ta biyu allin ya karye, ta tsaya neman guntun. A ta uku maƙwabciyar ta rufe allonta da hannu. Yarinyar ta sunkuya ta yi ta jan alli da himma, ta ɗaga allon a karkace don kada malamar ta gani sosai. Karkacewar ta kawo shi daidai taga. Wasu lanƙwashe-lanƙwashe ne masu kama da rubutu, jere a layi tsaf, ba harafi ko ɗaya a ciki. Ta haɗa ido da kakanta ta yi masa murmushin da ta saba, shi kuwa ya kasa mayarwa.

Da aka tashi, malamai suka zauna a bencina, kowa ya faɗi nasa. Da aka zo kan Saura Kaɗan, Uwar Bita ta juyo gare shi.

"Malam, jikar taka fa?"

"Ba ta iya karatu ba," ya ce.

Kafin kowa ya tanka ya ɗora:

"A gidana take kwana. Ni nake ɗauko ta, ni nake mayar da ita. Shekara biyu tana gabana ina sa ta gaba, ina cewa ku yi irin na Uwata. Ko harafi ba ta sani ba." Sai ya dubi Uwar Bita. "Malama, me na yi miki? Duk shekarun nan, sai da ya rage mini ɗaya? In ita ban gan ta ba, wa na taɓa gani? Waɗanda suka wuce ta hannuna suna ihu ina jin daɗi, ina zan same su yanzu in gyara? Da kin bar ni na tafi da sanyin raina."

"Ba ni da abin da zan ce maka, Malam," ta ce. Ya ɗauki hularsa ya fita. Ta taga suka ga ya ɗora yarinyar a keke, bai hau ba, yana turawa da ƙafa. Washegari, ranar rufe bita, bai zo ba.

Uwar Bita ta bar jakar allunan a ɗakin ajiyar makarantar, ta ce ko wani zai buƙata. Ta dawo gida hannu rabbana, ta zube a kujera ko takalmi ba ta cire ba.

"Abin da na rufe aiki da shi ke nan," ta ce wa ƙanwarta. "Na karya wa tsoho zuciya, na kunyata yarinya a idon kakanta. Shi zai yi ritaya da baƙin ciki, ita kuma a wuce da ita aji na gaba yadda take."

"Kin fi so da bai gani ba?"

"Ban sani ba, wallahi. Na gaji."

Hutu ya zo ya wuce. Ta rasa yadda za ta yi da safiya. Takan farka a lokacin da ta saba, ta zauna a bakin gado, ba inda za ta. Ta share ɗakin da aka riga aka share, ta gyara kwanukan da ƙanwarta ta jera, har ƙanwar ta ce in ta ƙara taɓa mata kicin ita ma ritaya za ta yi. Maganar makaranta kuwa ba ta son a tayar. In yaran unguwa suka wuce da jakunkuna sai ta saki labule.

Bayan an koma makaranta da 'yan makonni, wata rana da la'asar aka yi sallama a ƙofa. Ƙanwarta ta leƙa ta dawo.

"Yaya, wani dogon tsoho ne da keke. Na ce ya shigo ya ƙi."

Ta fito a hankali tana dafa bango. Saura Kaɗan ne, ya rame, yana riƙe da keken kamar za a ƙwace masa. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ta tambayi iyali, ba wanda ya kalli wani sosai.

"Ba godiya na zo ba, Malama," ya ce. "Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci."

"Na sani."

"Duk hutun nan ni da Uwata muna zaune a tsakar gida, harafi-harafi. Ta yi kuka, na yi faɗa, kakarta ta raba mu. Ashe tsoro take ji kada in daina cewa ita ce gwanata, shi ya sa ta ɓoye. Yanzu ta fara haɗawa." Ya ja numfashi. "Amma ita ɗaya ce. Da aka koma na ɗauko jakar nan taki a ɗakin ajiya. Na raba musu. Malama, abin da na gani ya hana ni cin abinci. Kuma ba zan iya koyarwa ina kallo lokaci ɗaya ba, idona biyu ne, su ma sun tsufa. Ki zo ki zauna mini a baya ki riƙa kallon ɗaya."

"Na yi ritaya, Malam."

"Ni ban yi ba. Shekara ɗaya ce a hannuna, ita nake so in koyar da gaske."

Ta daɗe tana kallon tayar kekensa. Ta tuna nisan hanyar, da tafiyar ƙafa daga inda mota ke juyawa, da cewa ba ofishin da zai san ta je. Ba wani farin ciki ta ji ba, nauyi ta ji ya dawo kafaɗarta, irin wanda ta saba da shi.

"Wanne zan kalla?" ta ce.

"Duk wanda na taɓa cewa ba ni da damuwa a kansa. Suna da yawa."

Tun daga ranar, sau biyu a mako tana zuwa. Ba takarda, ba taken taro, ba hoto. Ta shiga ta zauna a bencin baya, ya nuna mata yaro da haɓa, ta zuba masa ido har a tashi, sannan su zauna su biyu ta faɗa masa abin da ta gani. Wani lokaci su yi musu, shi ya ce yaron ya iya, ita ta ce gobe ya raba shi da na kusa da shi ya gani. Malamai biyu na makarantar sun fara shiga ajin juna a lokacin da ba su da darasi, ba wanda ya sa su. Da aka gaya mata, cewa ta yi, "Za su gaji su bari." Wataƙila su bari ɗin. Zuwa yanzu dai ba su bari ba.

Hedimastan ne ya ba da labarin abin da ya faru kwanan baya, yana tsaye a bakin taga. Saura Kaɗan ya rubuta sabuwar jimla a allo, ya ce ba karatun tare, mutum ɗaya zai fito. Ya kira jikarsa. Ta fito tana jan ƙafa, ta ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko, ta tsaya. Tsohon ya harɗe hannuwansa a baya ya danne su, gumi yana bin wuyansa, bai buɗe baki ya taimaka mata ba. Ta furta harafin farko, ta haɗa da na biyu, ta yi kuskure, ta dawo baya da kanta. Muryar nan da ake ji har ofis ta koma ƙarama, da ƙyar take kai bencin tsakiya. A haka ta bi jimlar kalma-kalma har ta kai aya. Ta juyo ta kalli kakanta. Shi kuwa ya ɗauki tsumma ya shiga goge gefen allon da ba rubutu, ya daɗe yana gogewa.

Da aka tashi ya nufi bencin baya da sauri kamar ba shi ba.

"Kin gani, Malama? Kin gan ta?"

"Na dai ji," in ji Uwar Bita. "Ban gani ba. Yaron da ka ba ni nake kallo. Duk lokacin da take karatu yana bin allon da ido, amma daga dama yake farawa. Da shi za mu fara jibi."

Abin da kika yi shekara talatin kina neman gani ya faru a ɗaki ɗaya da ke, Uwar Bita, kuma ba ki ɗaga kai ba, don akwai yaro a hannunki. Wa ya san sau nawa hakan ta faru a wasu azuzuwan, bayan kin juya kin kama hanyar tasha? Kin ce ba ki ga abin da kika bari ba, kuma gaskiya kika faɗa, ba ki gani ba. Waɗanda suka tsaya a bakin taga sun gani, ga shi sun faɗa.

Mun gode, Malama. Mun gode da safiyoyin da kika ba 'ya'yan mutane, da darussan da kika yarda suka lalace a gaban jama'a, da gaskiyar da kika nuna wa tsoho duk da kin san zai ji zafinki. Allah ya saka miki, ya ba ki hutun da kika ƙi karɓa daga hannun mutane.

Malamin da ya karanta wannan kuma, ba sai an turo maka kowa daga ofis ba. Akwai aji a jikin naka, akwai abokin aiki a ciki da ya gaji kamar yadda ka gaji. Ranar da kake da sarari, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a baya, ka ce ya nuna maka yaron da ba shi da damuwa a kansa. Washegari kai ma ka buɗe masa ƙofar naka, ka shirya jin abin da ba za ka so ba.